Cikin 'yata ya kumbura, an ce jakar ruwa ce: dole sai an cire mata gidan ƙwai?

Assalamu alaikum Likita. Ina da 'ya mai shekara 15. Wajen wata biyar ke nan na lura cikinta yana tasowa, siket ɗin makarantarta ya daina rufuwa, in ta ci abinci kaɗan sai ta ce ta ƙoshi, ga yawan fitsari. Al'adarta tana zuwa, amma duk da haka zuciyata ta raya min abin da kowace uwa take tsoro. Na tsare ta a ɗaki na faɗa mata maganganun da yanzu nake nadamarsu, tana kuka tana rantsuwa ban saurare ta ba. Da muka je asibiti gwaji ya nuna ba ta da ciki, sikanin kuma ya nuna jakar ruwa mai santimita 18 a mararta ta ɓangaren dama. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma wataƙila a cire gidan ƙwan gaba ɗaya. Babanta ya ce a bari ta gama jarrabawa nan da wata uku. Ƙanwata kuma ta ce a nemi wanda zai zuƙe ruwan da allura, ko a ba ta magani ya narke. Ni tsorona biyu ne: kada ya zama ciwon daji, kada kuma ta rasa haihuwa. Yarinyar yanzu daga gaisuwa ba ta ƙara ce min komai. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya kwantar miki da hankali.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Jakar ruwa a marar yarinya mai waɗannan shekaru, mafi yawan lokuta ba ciwon daji ba ce, ko da ta girma ta cika ciki. Kuma a yau, muddin gwaje-gwaje ba su nuna alamar daji ba, abin da likitocin mata da na tiyatar yara suke ƙoƙarin yi shi ne su ɓare jakar su fitar da ita, su bar wa yarinya gidan ƙwanta. Wannan magana ta biyu ita nake so ki riƙe da hannu bibbiyu, domin a kanta za ki tsaya wa 'yarki kafin ki sa hannu a kowace takarda. Hukunci na likitan da yarinyar take gabansa ne. Nawa shi ne in ba ki abin da za ki shiga ofishinsa da shi.

Ba ke kika fara ɗaukar irin wannan kumburi a matsayin juna biyu ba. A 1809, a jihar Kentucky ta Amurka, wata mata mai suna Jane Todd Crawford cikinta ya yi girma har aka ɗauka tagwaye ne suka wuce lokacin haihuwa. Likita Ephraim McDowell ya duba ta ya ce ƙari ne a gidan ƙwai. Ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa garin Danville, ranar 25 ga Disamba ya yi mata aiki, a zamanin da babu allurar barci, ya fitar da ƙari mai nauyin kusan kilo 10. Matar ta rayu fiye da shekara 30 bayan nan. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa ido kaɗai yana yaudarar har masu duba marasa lafiya, kuma aikin da ake magana a kai ya haura shekara 200 ana yinsa ana ƙara gyara shi.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba sosai, wajen santimita 3. Duk wata wata 'yar jaka mai ruwa takan taso a ɗaya daga cikinsu, ƙwai ya nuna a cikinta, ta fashe ya fita. Wani lokaci ba ta fashewa, ko ta fashe ta sake rufewa ta tara ruwa ko jini. Wannan ita ce jakar da aka fi gani a 'yan mata, ba ta cika wuce santimita 5 ba, kuma takan baje da kanta cikin al'ada biyu zuwa uku. Irinta ce likita zai ce a koma gida a dawo a sake sikanin bayan mako shida ko takwas. Ta 'yarki ba wannan ba ce. Ki buɗe tafin hannunki ki duba daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa, kusan santimita 18 ke nan. In jakar a dunƙule take, ruwan cikinta zai kai lita 3. Shi ya sa siket ya ƙi rufuwa. Jakar ta danne mafitsara, sai fitsari ya yawaita. Ta tura hanji da tumbi sama, sai loma kaɗan ta ƙosar da ita. Duk abin da kika lissafa a wasiƙarki aikin nauyi ne da matsi, kuma abu mai wannan girma ba ya bajewa da jira.

To wace iri ce? Masu kaiwa wannan girma a 'yan mata nau'i kaɗan ne. Akwai wadda take tasowa daga fatar da ta lulluɓe gidan ƙwai, bangonta yana ta tsattsafo da ruwa, ko tsinkakke ko mai yauƙi, tana cika a hankali wata da watanni ba tare da wani ciwo ba. Akwai wadda ma ba daga gidan ƙwai take ba, a gefensa take, kusa da bututun da ƙwai yake bi zuwa mahaifa; sau da yawa sai an shiga aiki ake ganin gidan ƙwan yana zaune lafiya lau a gefe, babu abin da ya taɓa shi. Sai kuma wadda likitoci suke kira damoyid, wadda ita ce ƙarin gidan ƙwai da aka fi samu a yara mata da 'yan mata. Ina ɗaliba na fara ganin an tsaga irinta a kan tire bayan aiki: wani maiƙo mai kauri, rawaya-rawaya, ya kwararo, da dunƙulen gashi a cukurkuɗe, da ɗan haƙori guda a manne a bango. Ina faɗa miki tun yanzu don kada a nuna miki irin wannan ki firgita ko wani ya fassara miki shi yadda ya ga dama. Ƙwayar halittar da take zama ƙwai tana da ikon yin kowane irin nama na jiki, to ita ce takan ɓata hanya ta yi ta ƙera fata da gashi da kitse a cikin jaka. Ba jariri ba ne, ba ɗan tagwaye ba ne, ba wani ne ya yi wa yarinya wani abu ba, kuma ba abin da ta ci ko ta aikata ne ya jawo shi ba.

Zan ɗan ratse saboda sauran iyaye masu karantawa. In yarinya ta kai shekara 14 ko 15, ƙirji ya fito, jiki ya cika, amma ba ta taɓa ganin jini ba, kuma duk wata sai ta yi 'yan kwanaki tana murƙususun ciwon mara, mara tana tasowa, wata rana ma fitsari ya ƙi fita, to abin da ake gani kamar jaka yana iya zama jinin al'ada ne da ya rasa hanya. Wasu 'yan mata ana haihuwarsu tantanin budurcinsu a toshe ruf, jinin sai ya yi ta taruwa a baya. Ɗan ƙaramin aiki ne a asibiti, a buɗe hanyar jinin ya fita, amma aikin likita ne, kada a taɓa gwada shi a gida. Akwai kuma masu mahaifa biyu, ɓangare ɗaya a buɗe ɗaya a toshe, su suna ganin al'adarsu amma jini yana taruwa a ɗaya gefen, kuma galibi akan tarar babu ƙoda a wannan gefen. Shi ya sa mai sikanin da ya san aikinsa yake leƙa ƙoda duk lokacin da ya ga jaka a marar yarinya.

Yanzu maganar daji. Girma kaɗai ba shi ne ma'auni ba, abin da ke cikin jakar ake dubawa. Jakar da take ruwa zalla, a allon sikanin baƙa wuluk take fitowa, bangonta siriri sumul, babu komai a ciki. Wannan hankali yakan kwanta da ita ko da ta kai ƙirji. Wadda take sa likita ya gyara zama ita ce mai dunƙulen tsoka a ciki, ko bangaye masu kauri da suka raba ta ɗaki-ɗaki, ko tsiro kamar ƙuraje a jikin bango, ko jini yana gudana sosai a cikin tsokar, ko kuma ruwa ya taru a cikin ciki a wajen jakar. Ki ɗauki takardar sikanin ɗin ki ce wa likita ya karanta miki ita layi-layi, ya gaya miki wanne daga cikin waɗannan aka gani. Haƙƙinki ne. Na'urar nan tun farkonta da irin wannan aiki ta yi suna: a 1958 Farfesa Ian Donald na birnin Glasgow a Birtaniya ya wallafa aikinsa a kanta, kuma cikin waɗanda suka amfana akwai matar da aka yanke wa ƙauna a kan dajin tumbi ne, hoton ya nuna jakar gidan ƙwai ce, aka cire ta warke. Ga budurwa, ta kan ciki ake yin sikanin, a sa ta sha ruwa mafitsara ta cika don hoto ya fito. Ba a buƙatar sa mata na'ura ta gaba, ki gaya mata wannan tun a gida don ta saki jiki.

Jaka mai santimita 18 takan fi ƙarfin allon sikanin, har a kasa gane daga ina ta taso. Nan ne hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, yake da amfani: yana bambanta ruwa da jini da kitse da tsoka, yana nuna inda gidan ƙwan ya maƙale, kuma babu tururin X-ray da ke cikin wani hoton cikin jiki da ake kira CT, wanda ake ƙoƙarin rage wa yara. In akwai halin yinsa, a yi kafin aiki. Sai gwajin jini na alamomin ƙari, musamman AFP da hCG da LDH, wani lokaci a haɗa da inhibin da CA-125. Dajin gidan ƙwai na yara daban yake da na manyan mata, kuma yawancinsa yakan zubo waɗannan sinadarai a jini. Kada CA-125 ya tayar miki da hankali in ya ɗan hau, domin ko jinin al'ada yana iya ɗaga shi. Wani abin lura kuma, hCG shi ne sinadarin da gwajin ciki yake nema, kuma akwai ƙarin da yake samar da shi, ta yadda yarinyar da namiji bai taɓa kusantarta ba gwajinta zai iya nuna kamar tana da ciki. Ba kasafai ake gani ba, amma yana faruwa, kuma ya isa ya sa uwa ta riƙe harshenta har a yi hoto. Ki tabbata an ɗebi jinin nan kafin a shiga aiki, domin sakamakonsa ne yake faɗa wa likita irin aikin da ya dace.

In kuma, Allah Ya kiyaye, hoto da jini suka nuna alamar daji, to cire gidan ƙwan na dama ɗungurungum tare da bututunsa, ba tare da an fasa jakar ba, shi ne daidai, kuma ni ma shi zan ce a yi. Ko a nan, abin da aka saba ga yarinya shi ne a bar mata mahaifa da gidan ƙwai na hagu. Irin dajin da yake kama masu shekarunta yana cikin waɗanda suka fi jin magani, da yawa daga cikin waɗanda suka yi shi sun warke sun haihu. A irin wannan hali ki nemi a tura ku wurin likitan da ya ƙware a dajin mata ko na yara tun kafin aikin farko.

Mu dawo kan abin da ya fi yiwuwa, wato jaka ce mara daji. A da, likita in ya buɗe ya ga jaka ta kai haka, ba ya ganin gidan ƙwai ko kaɗan, sai ya ɗauka ya lalace ya yanke duka. Alhali yana nan. Jakar ce ta taso daga cikinsa ta miƙe shi, ya zama kamar siririn mayafi a lulluɓe da ita, kuma ƙwayayen suna nan a cikin wannan mayafin. Abin da ake yi yanzu, a tsaga mayafin a hankali, a sami tsakaninsa da bangon jakar, a yi ta ɓarewa har jakar ta fita, a tsayar da jini. Abin da ya rage za ki gan shi yaraf kamar tsumma, ki ce ba zai ƙara amfani ba. Bayan 'yan watanni a sake sikanin a tarar ya tattare ya koma kusan siffarsa, 'yan jakunkunan ƙwai suna tasowa a ciki. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri fiye da yankewa gaba ɗaya, kuma ya fi kyau a hannun wanda ya saba yi wa 'yan mata.

Za ki ji an ce ai gidan ƙwai ɗaya ya isa. Gaskiya ne, ya isa: mace mai guda ɗaya tana al'ada, tana ɗaukar ciki, tana haihuwa. In ta kama dole a cire, kada ki ɗauka an rufe wa 'yarki ƙofa. Amma yarinya ce 'yar 15, tana da wajen shekara 35 a gaba da za ta dogara da abin da aka bar mata, don haihuwa da kuma sinadaran da ke riƙe ƙashi da lafiyar jiki. Babu wanda zai ba ki tabbacin na hagun ba zai taɓa samun tasa matsalar ba. Damoyid ma, kusan mace ɗaya cikin goma masu ita a gefe biyu take fito musu. Wanda yake da biyu aka ɗauke ɗaya ba bisa larura ba, an bar shi ba shi da madadi. Saboda haka ki koma wurin likita, da babanta in zai yiwu, ki tambaye shi cikin ladabi amma ba tare da kunya ba: Likita, shirinku ɓare jakar ne ko cire gidan ƙwan? In sai kun shiga za ku yanke shawara, me za ku gani da zai sa ku cire? Za ku duba na hagun? Za a kai abin da aka fitar ɗakin gwaji? Sannan ki karanta abin da aka rubuta a takardar amincewa kafin ki sa hannu, ko ki sa a fassara miki, domin abin da ke rubuce shi kika ba da izini a kai. Mai yiwuwa likitanku ya ambaci cirewa ne don ya shirya ku ga abin da ka iya faruwa, wannan kuwa aikinsa ne. In kuwa amsarsa ita ce girman kaɗai ya isa dalili, alhali hoto ruwa zalla ya nuna kuma jini lafiya, ki nemi ra'ayin likita na biyu. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Hanyar shiga biyu ce. Ko a yi 'yan huji ƙanana a ciki a zura kamara da kayan aiki, ko a tsaga. Aikin huji ya fi saurin warkewa, tabonsa kaɗan, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu an koma gida. Ga jaka mai wannan girma akan fara rage ruwan ta hanyar da ba zai zube a cikin ciki ba, sannan a ɓare bangon a fitar da shi a cikin 'yar leda ta musamman. Wasu likitocin sukan zaɓi ƙaramar tsaga a ƙasan mara su yi hakan. In ana shakkar abin da ke ciki, tsagawa sosai don a fitar da jakar ba ta fashe ba ya fi aminci. Ni ba zan sa ki yi jayayya a kan girman tabo ba. Likitan da zai tsaga ya bar mata gidan ƙwai ya fi min wanda zai yi huji ya cire shi.

Shawarar ƙanwarki kuwa, na san ƙauna ce ta sa, amma kada a bi. In aka zuƙe ruwa aka bar bango, bangon ne yake haifar da ruwan, zai sake cikawa. Allurar tana iya huda hanji ko ta shigar da ƙwayar cuta, in damoyid ce maiƙonta ya zuba ya ƙona cikin ciki, in kuma akwai daji a ɓoye an watsa shi. Ga shi ba a sami naman da za a gwada ba. Babu kuma maganin sha ko na shafawa da yake narkar da irin wannan jaka. Ko ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu likitoci suke bayarwa, aikinsu hana sabuwar jakar wata-wata tasowa, ba sa rage wadda ta riga ta zauna. Kada a danna cikin, kada a ɗaure shi.

Sai maganar maigida. Damuwarsa a kan karatunta abin yabo ce, amma ki nuna masa lissafin ta wannan fuska. Gidan ƙwai a rataye yake da jijiyoyin da suke kawo masa jini. In jaka ta yi masa nauyi, tun daga wajen santimita 5, yana iya juyawa ya murɗe jijiyoyin kamar yadda ake murɗe wanki, jini ya daina isa gare shi. Wannan ba ya sallama. Yarinya tana zaune lafiya sai ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe ɗaya na mara, ta dunƙule, ga tashin zuciya da amai, wani lokaci ya lafa ya sake dawowa. Jakar tana iya fashewa, kuma doguwar dannewa tana iya toshe bututun da ke sauko da fitsari har ƙoda ta kumbura. Aikin da aka shirya, aka yi gwaje-gwaje, aka zaɓi likita, shi ne ya fi ba da damar tsira da gidan ƙwai. Na gaggawa da tsakar dare, wanda aka samu a bakin aiki shi zai yi. Kuma wata uku ya ishe ta ta yi aiki ta warke ta zauna jarrabawa: bayan aikin huji yawanci mako ɗaya zuwa biyu an koma aji, bayan tsagawa wajen mako huɗu zuwa shida kafin jiki ya koma daidai. Jiran ne ma zai iya kayar da ita ana tsakiyar jarrabawar. Ku bar likita ya sa rana da zarar sakamako ya fito, makaranta kuma a kai musu takardar asibiti.

Kafin ranar, ta dakata da guje-guje da tsalle da ɗaukar kaya masu nauyi. In ciwon nan na farat ɗaya ya zo, ko amai, ko zazzaɓi, ko jiri, ko fitsari ya tsaya, ku tafi sashen gaggawa a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. Kada a ba ta abinci ko abin sha a hanya saboda allurar barci. Ki riƙe takardar sikanin a jakarki kullum, kina shiga ki ce tana da jaka a gidan ƙwai na dama, domin ciwon dama ana saurin ɗaukarsa afendiks, wato kumburin 'yar wutsiyar hanji. Ki sani kuma sikanin yana iya nuna jini yana gudana alhali murɗewar tana nan, don haka in ciwo ya ƙi lafawa kada ki yarda a sallame ku a kan hoto kaɗai. Ko an tarar ya murɗe ya yi baƙi, ba shi ke nan ba. A 2019 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da matsaya a kan 'yan mata cewa a warware murɗewar a bar gidan ƙwan ko da launinsa ya canza, domin yawancinsu suna farfaɗowa in jini ya dawo.

Na bar maganar da ta fi min nauyi zuwa yanzu. 'Yarki ta yi wata biyar tana kallon jikinta yana canzawa ba ta san dalili ba. Ina jin tun kafin ki lura ta lura, tana sassauta zariya, tana riƙe numfashi in za ta wuce mutane, tana tsoron faɗa. Ranar da maganar ta fito, wadda take sa ran za ta rungume ta ita ce ta tuhume ta. Tsoro ne ya sa ki, na sani, kuma nadamarki ta fito a wasiƙarki. Amma ita ba ta karanta wasiƙar ba. Ki shiga ɗakinta ku biyu, ki zauna kusa da ita, ki faɗa da bakinki: na zarge ki da abin da ba ki yi ba, kin gaya min gaskiya ban yarda ba, ki yafe min. Kada ki haɗa da "ai ke ma da kin faɗa da wuri". In ba ta amsa ba a ranar, ki ƙyale ta, ki ci gaba da zama kusa. Duk wanda ya ji zargin, a gida ko a dangi, ke za ki koma ki wanke ta a gabansa, da irin muryar da zargin ya fita. Girman uwa ba ya raguwa da wannan.

Akwai dalilin lafiya ma a ciki. Yarinyar da take fushi ko tsoro tana iya ɓoye ciwo, ke kuwa a makonnin nan kina buƙatar ta tashe ki da dare in mara ta soke ta. Ki gaya mata abin da ke jikinta da kalmomin da za ta gane, ki bar ta ta yi wa likita tambayoyinta, har ki ba su 'yan mintuna su kaɗai in ta so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma akwai abin da budurwa ba za ta iya tambaya a gaban mahaifiyarta ba, kamar tabo, ko aure, ko haihuwa. Jikinta ne za a yi wa aiki, ya kamata a nemi yardarta ita ma.

Bayan aiki, kada murnar sallama ta mantar da ku sakamakon ɗakin gwaji. Shi ne yake faɗin ainihin sunan jakar, kuma a kansa ake tsara bibiya, don haka ki tambayi ranar fitowarsa ki je ki karɓa ki kai wa likita. Za a sa muku ranar sake sikanin don a ga yadda gidan ƙwan ya koma, a kuma leƙa na hagu. Al'adarta tana iya ɗan rikicewa wata ɗaya ko biyu kafin ta daidaita. Ki roƙi a rubuta miki abin da aka yi a aikin, wane gefe, me aka cire, me aka bari, ki haɗa da sakamakon ki adana mata. Wata rana, tana matar aure a gaban wani likitan, za a tambaye ta, sai ta miƙa takardar.